Yadda Ake Zaɓen Mahaɗin Remok Mai Rarraba Nauyi da Hana Lilo

Abu biyu ke wahalar da mai jan remok mai nauyi da Hilux ko Land Cruiser, ko karaban ce ta kwana, ko ɗakin ma'aikatan haƙar rijiya, ko asibitin tafi-da-gidanka. Na farko, da zarar an ɗora wuyan remok a kan ƙwallo, wato dunƙulen ƙarfen da ake maƙala remok a kai, sai bayan mota ya durƙusa, gabanta ya ɗaga. Tayoyin gaba, waɗanda su ne ke juya mota kuma su ke ɗaukar mafi yawan aikin birki, sai su rage kama ƙasa. Sitiyari ya yi sakwaf a hannu, fitila ta riƙa haska idon masu tahowa maimakon hanya. Na biyu shi ne lilo. Kana tafe tsakanin Maradi da Tasawa, tirela ta sha gabanka a guje, iskar da take turowa ta bugi gefen remok, sai ka ji ana jan bayan motarka hagu da dama. In lilon ya ƙaru maimakon ya lafa, cikin daƙiƙu kaɗan mota da remok suna iya kwantawa a gefen hanya.

Mahaɗi mai rarraba nauyi an yi shi ne don matsala ta farko, mai haɗe da abin hana lilo kuma yana maganin duka biyun. Yana da ƙota da ke shiga bututun jan mota, da kai mai ɗauke da ƙwallo, da sanduna biyu na ƙarfe mai tsiri da ke miƙewa daga kan zuwa gefen wuyan remok. In aka ɗaga ƙarshen sandunan aka ɗaure su a jikin wuya, suna murɗa shasin mota ta yadda wani ɓangare na nauyin da ya danne baya zai koma tayoyin gaba, wani kuma ya koma tayoyin remok. Ba ya rage nauyin kaya, kuma ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗauka ko na kilo ɗaya. Wurin da nauyin ke zama kawai yake sauyawa.

Fara da duba ko motarka da remok ɗinka sun yarda

Kafin maganar kuɗi, buɗe littafin mota a shafin ja. Lambobi uku kake nema: iyakar nauyin remok mai birki da motar za ta ja, iyakar nauyin da zai iya sauka kan ƙwallo, da iyakar nauyin motar kanta da mutane da kaya. Wasu samfurin Hilux na baya-bayan nan da Land Cruiser suna jan kilo 3,500 da kilo 350 a kan ƙwallo, wasu kuma ƙasa da haka sosai, ya danganta da shekara da inji da kasuwar da aka ƙera motar dominta. Lambar motar maƙwabcinka ba taka ba ce. A littafin wasu motocin Toyota na kasuwar Amurka, irin su Tundra, an rubuta cewa remok da ta wuce kilo 907 tana buƙatar abin hana lilo, wadda ta wuce kilo 2,268 kuma tana buƙatar mahaɗi mai rarraba nauyi. Akwai kuma motocin da kamfaninsu ya hana sa shi gaba ɗaya. Bi abin da littafinka ya ce.

Sai ka durƙusa ka leƙa ƙarfen ja da ke bayan motar. Nan ne na fi jin tsoro a garinmu. Da yawa daga ƙarafan jan da ke bayan motoci a Maradi aikin masu walda ne na unguwa, kuma wasu aiki ne mai kyau don jan 'yar remok ta kilo ɗari biyar. Amma mahaɗi mai rarraba nauyi ba ja kawai yake yi ba, murɗawa yake da ƙarfi mai yawa, kuma duk murɗar a kan wannan ƙarfe da kusoshinsa take sauka. In ka tambayi mai walda zai ce maka, “Haba Alhaji, wannan ƙarfen ai ko giwa zai ja.” Ba ƙarya yake nufi ba, iyakar saninsa ke nan, sai dai ba wanda ya gwada ƙarfen da irin wannan murɗa. Abin da kake bukata shi ne ƙarfen ja na kamfani, mai bututu mai kusurwa huɗu (yawanci inci 2, wato kusan milimita 51), ɗaure da shasi da kusoshi, mai tambari da ke nuna nauyin da aka yarda masa tare da rarraba nauyi. Tambarin kan nuna lambobi kashi biyu, na ja haka nan da na ja da sanduna. In ba tambari, sayen sabon ƙarfen ja shi ne kuɗin farko da za ka kashe. Ƙwallo mai wuyan agwagwa irin na motocin Turai ba ya karɓar wannan mahaɗi ko kaɗan.

Remok ɗin ma a dube ta. Yawancin karaban na hannu da ke zuwa daga Faransa ko Beljiyam suna da birkin da ke kamawa da kansa in remok ta turo mota, ta wani sashe mai zamewa a wuya, kuma shasinsu siriri ne don rage nauyi. Irin waɗannan an ƙera su da wuya maras nauyi, wajen kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyinsu, sau da yawa bai kai kilo 100 ba. Sanduna suna iya hana birkin zamewa ko su lanƙwasa shasin. Mai irin wannan karaban ba ya buƙatar mahaɗin da muke magana a kai. Abin da ya dace da shi maƙalar hana lilo ce irin AL-KO AKS, wadda ke matse ƙwallon milimita 50 da faifan gogayya, kuma ba a shafa wa ƙwallonta giris. Mahaɗi mai sanduna na remok ne mai kaurin shasi da birkin lantarki, ƙirar Amurka ko Ostireliya, ko wadda aka ƙera da ƙarfe mai nauyi don aiki.

Awo, wanda shi ne rabin aikin

Ba a zaɓen wannan mahaɗi da ido ko da lambar da ke rubuce a takardar remok, domin waccan lambar ta remok ce ba kaya. Loda ta kamar gobe za ka tafi: tankin ruwa cike (kowace lita kilo ɗaya ce), tukunyar gas, batir, katifu, buhun shinkafa, kayan aiki. Sannan a auna abu biyu, nauyinta duka da nauyin da wuyanta ke saukewa.

Nauyin duka sai a sikelin manyan motoci. Na wuya kuwa ba ya buƙatar tafiya nesa. Masu sayen aya da wake suna da sikelin ƙasa da ke ɗaukar kilo ɗaruruwa. In ka samu aron ɗaya, ka sa remok a wuri mai baje da tauri, ka tare tayoyinta gaba da baya, ka tsayar da guntun katako mai kauri a kan sikeli a ƙarƙashin bakin wuya, daidai inda ƙwallo ke shiga, sannan ka sauke jak a hankali har nauyin ya koma kan katakon. Tsayin katakon ya zama wanda zai bar remok a miƙe, ba ta sunkuya ba ta ɗaga ba, in ba haka ba awon zai yi ƙarya. Cire nauyin katakon daga abin da ka gani.

In sikelin awon mutum kawai kake da shi, shi ma yana yi. Ajiye bulo a gefe ɗaya, sikeli a ɗaya gefen, tsayinsu ɗaya. Ɗora guntun bututu a kan kowanne, tsakanin bututun biyu santimita 90, ka gitta katako mai ƙwari a kansu. Wuyan remok ya sauka a kan katakon a santimita 30 daga bututun bulo, wato 60 daga na sikeli. Sikelin zai ɗauki kashi ɗaya cikin uku ne kawai, don haka ka ninka abin da ya nuna sau uku. Ya nuna 96, wuya kilo 288 ke nan.

Ga irin remok ɗin da ake sa wa wannan mahaɗi, nauyin wuya ya kamata ya faɗa tsakanin kashi 10 da 15 cikin ɗari na nauyinta duka. Mai kilo 2,400 wuyanta ya kasance tsakanin 240 da 360. Wanda ya san amalanke ya san dalili: in lodi ya yi baya, jaki ne ke tashi sama, ƙafafunsa na neman ƙasa, in ya yi gaba da yawa, bayansa ne ke karyewa. Remok mai wuya maras nauyi ita ce uwar lilo, kuma babu mahaɗin da zai gyara mummunan lodi. In awonka ya faɗi ƙasa da kashi 10, matso da kaya masu nauyi gaban tayoyi, a ƙasa-ƙasa, ka sake aunawa kafin ka ci gaba. Janareto ko ƙarin tankin ruwa da aka liƙa a can ƙarshen baya, kamar yadda ake yawan yi, ya sauko daga nan.

Akwai ƙarin da mutane ke mantawa. Duk kayan da ke cikin mota a bayan tayoyin baya, su ma sandunan ne za su ɗaga su, don haka a haɗa su cikin lissafi. A ce wuya 288 ne, a bayan Hilux kuma akwai jarkokin gazuwal da akwatin kayan aiki masu kilo 90. Jimla 378.

Zaɓen ƙarfin sanduna

Yawancin waɗannan mahaɗai daga Amurka suke, lambobinsu da fam ake rubutawa. Ninka kilo da 2.2 ka samu fam. Kilo 378 ya zama kusan fam 830. Sandunan da aka saba samu su ne na fam 600, 800, 1,000, 1,200 da 1,400, wato kilo 272, 363, 454, 544 da 635. A misalinmu na 800 sun gaza, na 1,000 ne daidai: lamba ta farko da ta haura jimlarka da ɗan sarari.

A nan ne ake yawan kuskure da kyakkyawar niyya. Mutum ya ce tun da zai kashe kuɗi bari ya sayi mafi ƙarfi, ya ɗauki na 1,400. Sandunan nan aikinsu su ɗan lanƙwasa, su shanye girgiza. In sun fi ƙarfin lodin ba sa lanƙwasawa, sai kowane rami da kowane tudun rage gudu ya wuce kai tsaye zuwa wuyan remok da shasin mota. Tafiya ta yi tauri, tayoyin baya su rage kama ƙasa, wuyan remok ya fara tsagewa a wurin walda. A hanyoyinmu masu ramuka wannan ya fi zama haɗari fiye da a ƙasar da aka ƙera su. Masu rauni kuma ba za su iya mayar da nauyi gaba ba ko an ja su iyakar ja. Lamba ta biyu da ke jikin mahaɗi, ta nauyin remok duka, kamar fam 10,000, ita ma ta haura nauyin remok ɗinka. Wannan yawanci ba ya zama matsala. Kada ka manta shi kansa mahaɗin yana da nauyi, masu sanduna kan kai kilo 40 ko fiye, kuma yana cikin abin da ke danne bayan mota.

Wane irin hana lilo

Mafi araha shi ne sandar gogayya da ake ƙarawa a gefe, ƙarfe mai zamewa cikin kube, ana matse shi da mariƙi. Tana taimaka wa gajeriyar remok maras nauyi sosai. Dole a cire ta kafin a ja da baya da lanƙwasa, a kuma sassauta ta a hanya mai santsi, ga shi lilon sai ya fara take rage shi. Ga remok mai tsawon mita bakwai mai faɗin gefe, ba ta isa ba.

Na biyu su ne waɗanda hana lilon ke cikin ƙirarsu. A nan ƙarshen sanduna ba sarƙa ke riƙe shi ba, yana kwance ne a kan ƙarafa masu siffar L da ke ɗaure a wuya, kuma nauyin da kansa ke matse su, gogayyar ta hana remok juyawa da sauƙi. Fastway e2 yana gogayya a wuri biyu, Equal-i-zer a wuri huɗu, biyu a kai biyu a wuya. Husky Center Line TS ma a wannan gida yake. Ana ja da baya da su ba tare da an kwance komai ba. Suna ƙara da kuka a kwana, musamman in ana tafiya a hankali, har mutanen bakin hanya su waiwayo. Kukan ba lalacewa ba ne, aikinsu ke nan.

Reese Strait-Line yana da ƙusumbi biyu da sandunan ke zama a kansu, suna mayar da remok tsakiya duk lokacin da ta so kaucewa. Yana aiki sosai amma saitinsa na buƙatar haƙuri. Blue Ox SwayPro da sarƙa yake aiki kuma bai cika ƙara ba. Andersen ba shi da sanduna, sarƙoƙi ne da robobi masu tauri da mazugin gogayya a ƙarƙashin ƙwallo. Nauyinsa bai kai na sauran ba, abin da ke rage kuɗin dako, amma a wuya mai nauyi sosai bai kai masu sanduna mayar da nauyi gaba ba. A can sama akwai Hensley Arrow da ProPride 3P, waɗanda tsarinsu ke hana remok juya bayan mota tun daga tushe. Sun fi kowa aiki, sun fi kowa tsada da nauyi, kuma in wani sashe ya lalace a Dakoro ba inda za ka same shi. Masu Hilux da Prado za su kuma ci karo da Hayman Reese na Ostireliya, wanda lambobinsa da kilo suke.

Ni dai ga mai zirga-zirga a wannan yanki, na fi natsuwa da mai gogayya a wuri huɗu. Sassansa kaɗan ne, duk ƙarfe ne da kusoshi, bakanike na gari yana iya fahimtarsa da kallo ɗaya. Kuma a zaɓi wanda sandunansa ke shiga kai ta gefe, masu kusurwa huɗu, maimakon masu zagaye da ke shiga ta ƙasa, domin na farkon sun fi nisa da ƙasa. Wanda ya san yashin cikin unguwanni da gangaren bakin gudron ya san amfanin santimita biyar.

Awo uku na ƙarshe kafin ka aika kuɗi

Tsayi: daidaita remok ta miƙe, auna daga ƙasa zuwa bakin wuya, sannan auna daga ƙasa zuwa saman cikin bututun jan mota. Bambancin ne zai gaya maka irin ƙotar da za ka saya, mai sauka ko mai hawa, da nawa. Land Cruiser doguwa ce, sau da yawa tana son ƙota mai sauka sosai. Mai tayar safaya a ƙofar baya ya tabbata ƙotar na da tsawon da kan mahaɗi ba zai taɓa tayar ba.

Ƙwallo: girmansa na rubuce a bakin wuyan remok. Na Amurka inci 2 ne ko inci 2 da 5/16, na Turai milimita 50. Inci 2 milimita 50.8 ne, a ido ɗaya suke da na 50, amma ba ɗaya ba ne, kuma ba a haɗa su. Wasu mahaɗan ba sa zuwa da ƙwallo, sai an saya daban, kuma shi ma yana da lambar nauyinsa.

Wuri a wuya: maƙalan sanduna kan zauna wajen santimita 70 zuwa 80 daga tsakiyar ƙwallo. Ɗauki mita ka duba ko tukunyar gas, akwatin batir ko jak ba su tare wurin ba, ka kuma auna kaurin ƙarfen wuyan don maƙalan su kama shi. Kada a huda wuya ko a yi masa walda don neman wuri.

In na hannu za ka saya, karanta lambar da ke jikin sandunan da kanka, ka duba tsaga a kai da ramukan da suka buɗe. Sandar da aka taɓa gasawa da wuta don miƙe ta ta tashi daga aiki. Tun wajen oda ka haɗa da ƙarin fil da maƙullansu, su ne ke ɓacewa a yashi.

Saiti

Mahaɗi mai kyau da mummunan saiti bai fi babu ba. Nemi wuri mai baje, mota da remok duk da lodinsu, iskar taya daidai tun da sanyin safiya. Manna ɗan tef a bakin ramin tayar gaba, daidai saman tsakiyar taya, don ka riƙa auna wuri ɗaya. Auna daga ƙasa zuwa tef ɗin ba remok: a ce santimita 92. Ɗora remok ba sanduna: gaba ya ɗaga zuwa 95. Yanzu ɗaga mota da remok tare da jak ɗin wuya, bayan an kulle ƙwallo, don sandunan su hau wurinsu ba da kokawa ba, ka sa fil, ka sauke jak gaba ɗaya, ka sake aunawa. Abin da ake so shi ne gaban ya dawo aƙalla rabin abin da ya ɗaga, wato 93.5, har zuwa 92, amma kada ya sauka ƙasa da 92. In littafin motarka ya faɗi nasa adadin, shi ne gaba.

Bai dawo yadda ake so ba, ƙara karkatar kai zuwa baya, wanda a Equal-i-zer da ƙarin washa ake yi, ko ka ɗaga maƙalan L rami ɗaya. A masu sarƙa kuma a rage zobe. Ya wuce, a sassauta. Ja da baya ka kalli remok daga gefe: ta miƙe, ko hancinta ya ɗan sunkuya kaɗan, ban da ɗagawa. Ba komai in bayan mota ya ɗan zauna ƙasa da yadda yake. Manyan kusoshin kai da notin ƙwallo suna son ɗauri mai tsanani, na ƙwallo kan wuce Nm 500 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), don haka a je garejin da ke da sifana mai auna ɗauri, irin na masu gyaran manyan motoci. Lokacin kwance sanduna kuma a fara ɗagawa da jak, a tsaya a gefe, ƙafa nesa da ƙarshen sanda; tana ɗauke da ƙarfin da zai karya ƙauri.

Gwajin farko a yi shi a hanya mai sauƙin motoci, kamar ta Tsibiri da sassafe, a fara da gudun 40 a hau a hankali. Bayan tafiyar farko a sake bin kusoshi duka. Giris kaɗan a ƙwallo da inda sanduna ke juyawa a kai, inda takardar mahaɗin ta nuna kawai. Sandar gogayya ba ta son mai ko ɗigo. A lokacin hunturu ƙura na haɗuwa da giris ta riƙa cin ƙarfe, don haka a goge tsoho kafin a sa sabo.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take, tana bugun mai tafiya Damagaram ko Yamai ta gefe, iskar gaban hadari a damina kuma ta fi ta ƙarfi. Ranar irin wannan rage gudu ne magani, ko tsayawa. In lilo ya kama ka duk da mahaɗin, riƙe sitiyari a miƙe, ɗaga ƙafa daga totur, kada ka taka birkin mota da ƙarfi, ka matsa birkin remok shi kaɗai da hannu ta na'urar sarrafa birkin lantarki na remok da ke gabanka. Shi zai ja ta ta miƙe. Koyi wurin maɓallin tun mota na tsaye, har hannunka ya same shi ba ka duba ba.

In za ka bar gudron ka shiga hanyar ƙauye mai kwari da tudu, ko za ka ƙetare korama, tsaya ka cire sandunan tukuna. Sa'ad da tayoyin bayan mota suka faɗa kwari, gaban mota da remok suna sama, sandunan na ɗaukar ninkin abin da aka ƙera su dominsa, kuma a nan ne wuya ke lanƙwashewa ko ƙarfen ja ya tsage. Sa su a bayan mota, ka bi a hankali da giya ta ɗaya ko ta biyu, in ka hau gudron ka mayar da su a ramukan da ka yi wa alama ranar saiti.